Gambu na Fagada: Bitar “Tsoho Tudu” da Sauran Waƙoƙin Ɓarayi

A shekarar 2016 Allah ya karɓi ran Alhaji Muhammadu Gambo Fagada, wanda duk ƙasar Hausa ta sani da Gambu Mai Waƙar Ɓarayi. Mutumin Fagada ne, a ƙaramar hukumar Maiyama ta jihar Kebbi. Kaset ɗin da ya yaɗa muryarsa ya zama tsohon yayi, amma muryar ba ta bi shi ba, ta koma cikin wayoyin hannu. Idan ka je wurin masu tura waƙoƙi a Jega ko Aliero ka ce a sa maka Gambu, ba wanda zai tambaye ka wane Gambu. Waƙoƙinsa na cikin abubuwan da jama'a ke saurare da daɗi amma suke jin nauyin yabawa a bainar mutane. Ni kuwa ina ganin lokaci ya yi da za a yabe su a fili, a kuma faɗi aibinsu a fili, domin suna cikin mafi ƙarfin abin da bakin Bahaushe ya ƙera a ƙarnin da ya shige, suna kuma cikin mafi haɗari. Abin da ya ƙara sa ni ɗaukar alƙalami shi ne yadda samarinmu suka dulmiya cikin gambarar zamani ta jihohin kudancin ƙasar Amurka, wadda jigonta titi ne da laifi da kurkuku, alhali da yawansu ba su san an yi gwanin wannan fage a ƙofar gidansu ba.

Kafin a fahimci Gambu sai an fahimci ƙasar da ta haife shi. Tun farkon ƙarni na 19, lokacin da Buhari ɗan Malam Abdussalami ya kafa Jega, garin ya zama matattarar fatake, har kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Gwandu. Da aka shimfiɗa kwalta, sai ga Jega a kan mararraba: hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Koko da Yawuri da Kwantagora ta nan ta ratsa, ta Birnin Kebbi ma a nan ta haɗe. Albasar Aliero, hatsi, kifi da dabbobi duk ta nan suke bi, kuma inda kuɗi ke yawo a aljihu cikin cunkoso, ba a rasa mai bin sawunsu. Wannan duniya ta 'yan sane da masu fasa ɗaki da dare kowa ya san da ita. Akwai ta kafin Gambu, tana nan bayansa. Abin da ya yi shi ne ya ba ta murya.

Bai kuma faɗo daga sama ba. A al'adar Hausa kowace sana'a da makaɗinta: manoma da nasu, maƙera da nasu, mahauta da nasu. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ware wani rukuni da ake kira makaɗan maza, masu zuga waɗanda ke sa ransu a haɗari. A nan ne ake samun Ɗan Anace, wanda ya ɗaukaka Shago a fagen dambe, da Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta. Aikin makaɗin maza shi ne ya cire wa mutum tsoro, ya tuna masa da waɗanda ya kayar, ya sa jininsa ya tafasa. Gambu ya ɗauki kayan aikin nan gaba ɗaya, kirari da zuga da zambo da habaici, ya kai su gidan da sauran makaɗa ke ratsewa. Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, Sani Aliyu Ɗandawo ya yi wa sarakuna da manyan Yawuri, shi kuma ya zaɓi mutanen da ba su da fada sai duhun dare.

“Tsoho Tudu” ita ce waƙar da aka fi saninsa da ita, kuma duk wanda ke son ya gane gwanintarsa, daga nan ya kamata ya fara. Abu na farko da kunne zai kama shi ne yadda yake tafiyar da magana. Gambu ba mai jan murya ba ne irin na makaɗan fada. Yana tsakanin waƙa da zance. Kalmomi na zubowa ɗaya bayan ɗaya a kan kiɗa, ya yi gudu, ya ja birki, ya jefa tambaya, ya amsa wa kansa, masu karɓi su tare shi, ya sake ɗauka daga inda ba ka zata ba. Numfashinsa kaɗai abin nazari ne, don yakan ɗauko dogon zance ya kai shi gaɓa ba tare da ya sauka daga kan kiɗan ba. Wanda ya saba jin mawaƙan gambarar zamani, da ya ji wannan zai gane abin da ake nufi, domin ainihin gwanintar da suke taƙama da ita ke nan: a hau kiɗa da magana, a zauna daram, ba a zame ba.

Na biyu shi ne harshe. Gambu bai taɓa gyara bakinsa don Kanawa ko Zazzagawa su ji daɗin fahimta ba. Hausar yamma ce tsantsa, ta munka da sunka da anka, da karin maganar ƙauye da zantukan tasha da na kasuwa. Wanda ba ɗan yankin ba, wani lokaci sai ya maimaita baiti sau biyu kafin ya kama zaren, amma da ya kama ba ya saki. Cikin waƙoƙinsa akwai kalmomi da salon magana da yaran yanzu, ko a Jega, sun fara mantawa. Ba banza ba ne Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya yi littafi sukutum a kan waƙoƙin mutumin nan, kuma ɗaliban Hausa ke ta rubuta kundaye a kansu.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran, shi ne iya ba da labari. Kirarin ɗan dambe gajere ne, an faɗi ƙarfinsa, an ambaci wanda ya buge, an wuce. Gambu kuwa yakan gina fage ne cikakke: ga dare, ga gida, ga mai gida, ga wanda ya zo ɗauka, ga abin da ya biyo baya da safe. Ya kuma sa kansa cikin labarin. Shi ne makaɗin da ke jiran rabonsa, shi ne wanda hukuma ke hararo, shi ne mai gardama da masu zarginsa. Wannan shigar da kai ce ke ba waƙoƙin rai, ita ce kuma ke kawo dariya. Ka tsaya teburin mai shayi a tashar Jega da yamma, a ce wani yaron mota ya kunna Gambu a wayarsa. Za ka ga hira ta tsaya. Dattijon da ya sauke buhunan albasa ya karɓi kuɗinsa zai yi ta ƙyaƙyata dariya har ya ajiye kofi, amma kana lura za ka ga hannunsa ɗaya ya gangara ya dafe aljihun da kuɗin suke. Dariya da fargaba a lokaci guda, a jikin mutum guda. Makaɗan da za su iya haɗa waɗannan biyu ba su da yawa.

Bayan dariyar akwai hujja, kuma hujjar ce ta sa waƙoƙin suka wuce nishaɗin tasha. Mutane sun ce abokin ɓarawo ɓarawo ne. Gambu ya sha faɗa cewa shi makaɗi ne, ba ya sata, sannan ya mai da tambayar ga masu tambaya: wane ne ba ɓarawo ba? Ya lissafa ɓarayin zaune, masu sata da biro a ofis, masu cin amanar dukiyar jama'a, waɗanda ba a ɗaure su, sai ma a tashi tsaye in sun shigo. A wurinsa, bambancin wanda ya haura katanga da wanda ya sa hannu a takarda shi ne ɗaya ana yi masa ihu, ɗaya ana yi masa fadanci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Talakan da ya ga yadda arzikin man fetur ya shigo ƙasar nan daga shekarun 1970, ya ga waɗanda suka yi kuɗi dare ɗaya ba gona ba kanti, bai buƙaci a yi masa fashin baƙin wannan magana ba. Ita ce ta sa mutanen kirki, waɗanda ko allura ba su taɓa ɗauka ba, suke jin Gambu na faɗin wani abu da ke ransu.

A nan ne labarin kudancin Amurka ke da amfani ga mai karatu. Gambarar zamani ta tashi ne a unguwar Bronx ta birnin Niyok a 1973, daga baya Los Anjalis ta shigo, biranen biyu suka mamaye fagen. Mawaƙan kudu, na jihohin Jojiya da Teksas da Luwiziyana, kallon 'yan ƙauye ake yi musu, ana raina karin harshensu. Kamfanoni ba su damu da su ba, har irin su Master P na New Orleans suka riƙa sayar da kaset daga bayan mota. A watan Agusta na 1995, a bikin ba da kyaututtuka na mujallar The Source a Niyok, mawaƙan nan biyu na Atlanta da ake kira OutKast suka ci kyautar sababbin mawaƙa, sai 'yan kallo suka yi musu ihu. Ɗaya daga cikinsu, André 3000, ya tsaya ya shaida wa taron cewa kudu ma tana da abin faɗa. Ba a cika shekara goma ba, a 2004, kundinsu ya lashe babbar kyautar Grammy ta kundin shekara. Ba su kai nan ta hanyar kwaikwayon bakin Niyok ba. Da harshen unguwarsu suka kai, yadda Gambu ya ratsa Kano da Kaduna da Maraɗi da Hausar Fagada.

Jigon ma ya yi kama. A 2003 wani ɗan Atlanta, Clifford Harris, wanda aka fi sani da T.I., ya fitar da kundin Trap Muzik, wanda ya ɗauki sunansa daga gidajen da ake sayar da ƙwaya a unguwannin talakawa. Daga nan salon ya bazu har ya cinye kasuwar waƙa ta duniya. Su ma an zarge su da abin da aka zargi Gambu, cewa suna ƙawata laifi suna ɓata yara, su ma suka ba da irin amsarsa, cewa abin da ke akwai suke faɗa. Hukuma ma ba ta ƙyale su ba. T.I. ya shiga gidan yari a 2009 kan laifin mallakar makamai. A watan Mayu na 2022 aka kama mawaƙi Young Thug a Atlanta, alƙali ya yarda masu gabatar da ƙara su kawo baitocin waƙoƙinsa a matsayin shaida, aka yi shari'a mafi tsawo a tarihin jihar Jojiya, har ya amsa wasu laifuffuka ranar 31 ga Oktoba, 2024. A 2022 kuma jihar Kalifoniya ta yi dokar taƙaita amfani da baitin waƙa a matsayin shaida a kotu. Tambayar da alƙalan Amurka ke kokawa da ita yau, wato ko mai waƙar laifi mai laifi ne, mutanen Kebbi da Sakkwato sun daɗe suna muhawara a kanta a majalisun ƙofar gida saboda Gambu.

Sai dai akwai inda suka rabu. Mawaƙin Atlanta yawanci kansa yake wasawa, yana cewa ni na yi, ni na sayar, ni na tsira. Gambu maroƙi ne a tsarin gargajiya, yana da iyayen gida, wani yake wasawa, kuma daga hannun wanda ya wasa yake samun abinci. Wannan ya sa matsayinsa ya fi nasu wuyar karewa, don kyautar da ɓarawo zai yi, kowa ya san daga ina ta fito. Akwai kuma bambancin riba. Waɗancan sun kafa kamfanoni, sun mallaki haƙƙin waƙoƙinsu, sun zama attajirai. Waƙoƙin Gambu an yi ta kwafarsu daga kaset zuwa kaset, daga waya zuwa waya, kamar yadda aka yi wa kusan duk makaɗan gargajiya na zamaninsa, ba tsarin da ke mayar wa mai waƙa ko magadansa da wani abu.

Yabo ba ya hana faɗin gaskiya, kuma babban gibin waƙoƙin nan a bayyane yake: wanda aka yi wa sata ba shi da murya a cikinsu. In ya fito, abin dariya ne, ko marowaci ko sakarai. Ba a jin kukan manomin da aka kwance wa shanun huɗa ana gab da damina, ko matar da aka kwashe wa kayan ɗakin 'yarta saura kwana kaɗan biki. A wannan gaɓa wasu mawaƙan kudancin Amurka sun fi shi zurfi. Ƙungiyar Geto Boys ta birnin Houston ta fitar da “Mind Playing Tricks on Me” a 1991, waƙar da ta nuna mai laifi cikin firgici, ba ya barci, yana ganin maƙiyi a kowace inuwa. Ta nuna abin da wannan rayuwa ke ci a cikin mai yin ta. Gambu ya san ɗauri, ya san duka, ya san mutuwa na bin wannan hanya, yana ma ambatonsu, amma yawanci a matsayin ma'aunin jarumta yake kawo su. Kullum ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, in ji Hausawa. Waƙoƙinsa sun daɗe a kan kullum, sun yi sauri a kan rana ɗayar.

Akwai kuma ƙananan abubuwa. Wasu waƙoƙin sun yi tsawo har zaren ya kan saki, ana maimaita kirari iri ɗaya ga mutane daban-daban. Wasu wuraren zagin ya yi kauri, ba za ka so ka ji shi gaban surukai ko 'ya'ya ba. Naɗin sautin ma da yawansa ya lalace, kiɗa ya danne murya, ga kuma ɓarnar da yawan kwafi ya yi.

Dole ne kuma a yarda cewa kunnen da ke sauraren Gambu a yau ba irin na da ba ne. Ɓarawon da ya wasa mai lallaɓawa ne cikin dare ko cikin cunkoson kasuwa. Yanzu arewa maso yamma na fama da masu shigowa gari da rana tsaka a kan babura da bindigogi. Jihar Kebbi ba ta manta da ranar 17 ga Yuni, 2021 ba, ranar da aka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A irin wannan zamani, duk wanda ya ɗauki kiɗa ya wasa ɗan bindiga ya ce ai Gambu ma ya yi, ya zalunci jama'a, ya kuma zalunci Gambu. Waƙar zuga wuƙar mahauci ce, kaifin da ke sa ta yi fawa shi ne ke sa ta yanke hannu. Gwanintar mai waƙa ba ta rage haɗarin waƙar, ƙara shi take yi.

Shi kansa Gambu bai mutu a kan wannan hanya ba. A ƙarshen rayuwarsa ya bayyana wa duniya cewa ya tuba ya bar waƙar ɓarayi. Wannan ya faru ne a ƙasar da ita ma ta sauya: daga 1999 zuwa 2000 Zamfara da Sakkwato da Kebbi suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma a watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutum a Zamfara kan satar saniya. Ban ga dalilin da zai sa a raina tubansa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa tuban ya zama hujjar binne aikinsa ba. Mutumin da ya fi kowa sanin wannan duniya ya dube ta ya juya mata baya. Wannan ma darasi ne, kuma ya kamata duk wanda zai kunna wa yaro “Tsoho Tudu” ya haɗa masa da wannan ƙarshen labarin.

Ga mawaƙanmu na gambarar zamani, irin su ClassiQ da DJ AB da Morell da B.O.C Madaki da dubban matasan da ke biye da su a ƙananan situdiyo, akwai makaranta a nan da ba a biyan kuɗin shiga. Su bar masa jigonsa, su ɗauki sana'arsa: yadda ake gina labari a cikin baiti, yadda ake sa mutum dariya a kuma sa shi tunani, yadda ake faɗa wa mai iko magana ba tare da an kama suna ba, da yadda mawaƙi ke tsayawa kan karin harshen garinsu ba ya jin kunya. Yaron Maiyama ko Aliero da ke murɗe harshe don ya yi kama da ɗan Atlanta ya sani cewa 'yan Atlanta sun yi suna ne ranar da suka ƙi murɗe nasu.

Akwai aiki kuma a kan hukumomi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana Aliero, Jami'ar Tarayya tana Birnin Kebbi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana Sakkwato da sashenta na harsunan Nijeriya. Tsakanin waɗannan da hukumar raya al'adu ta jihar Kebbi, bai kamata a rasa masu tattara tsofaffin kaset ɗin Gambu ba, a tace sautinsu, a rubuta baitocin da Hausarsu ta asali, a yi hira da dattawan Fagada da Jega da suka san shi tun suna da rai, a kuma tabbatar iyalinsa sun amfana da duk abin da ya fito daga ciki.

Hukuncina shi ne, “Tsoho Tudu” da 'yan uwanta aikin gwani ne na sahun gaba, wanda ya yi amfani da baiwarsa a wurin da bai dace ba, ya kuma faɗi gaskiyar da mutanen kirki da yawa suka ji tsoron faɗa. Babba ya saurare su da hankalinsa a jikinsa, ɗalibi ya nazarce su, mawaƙi ya koyi sana'a daga gare su, kada kowa ya ɗauke su jagora. Allah ya karɓi tuban Alhaji Gambo Fagada, ya gafarta masa, ya kuma kawo wa ƙasarmu zaman lafiya.